Yadda Za Ka Mayar da Tsohuwar Laftof Sinimar Falo

A gidaje da yawa, idan ka buɗe durowa ko ka leƙa saman wardirop, za ka tarar da tsohuwar laftof a kwance ƙura ta lulluɓe ta. Wata allonta ne ya fashe, wata kibod ne ya daina aiki, wata kuwa lafiyarta ƙalau, nauyi kawai ta yi har mai ita ya gaji ya sayi sabuwa. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, irin waɗannan sun ƙara yawa, domin Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da injinsu ya girmi zubi na 8 na Intel.

Tawa ta 2012 ce, allonta ya tsage tun daga kusurwa zuwa kusurwa. Yau ita ce ke ƙarƙashin talabijin ɗin falonmu, ɗauke da fina-finai, karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi na shekaru da dama, bidiyon bukukuwan gida da hotunan yara. Ban ɗauki aikin ya kammalu ba sai ranar da Hajiya ta ɗauki rimot ta kunna tafsiri da kanta, ba tare da ta aika a kira ni ba. Duk shawarar da zan bayar a nan kan wannan ma'aunin na gina ta. Na'urar da sai wanda ya haɗa ta ne kaɗai ya iya kunna ta, ba ta zama ta gida ba tukuna.

Wani zai ce ai akwai ƙananan akwatunan Android a kasuwa. Akwai su. Amma laftof ta fi su da abu uku da suka dace da halin da muke ciki. Tana da batir, saboda haka idan an ɗauke wuta ba ta mutuwa tsakiyar aiki ta lalata fayil. Tana da wurin ajiya mai yawa. Kuma ba ta buƙatar intanet kafin ta yi amfani, wanda duk mai sayen data da kuɗinsa ya san darajar hakan.

Fara da duba lafiyarta

Juya ta ka duba batirin. Idan ya kumbura, ko ka ga wurin taɓa linzami ya ɗago sama, ko murfin ƙasa ya ƙi rufuwa daidai, cire batirin nan take. Batirin litiyom da ya kumbura yana iya kama wuta, kuma na'urar da za ta kwana a jone cikin falo ba wurin sakaci ba ce. Kada ka huda shi, kada ka jefa shi a bolar da ake ƙonawa. Yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai ba batir, amma idan da hali ka sayi wani, ko da mai riƙe minti 30 ne, domin shi ne garkuwarta idan wuta ta yi wasa.

Sai zafi. Laftof ɗin da ta sha hunturu biyar ko shida, hanyar iskarta ta toshe da ƙura kamar auduga. Alamar ita ce fanka tana ihu, ƙasan na'urar yana ƙuna, bidiyo yana sarƙewa bayan minti 20. Idan ka iya kwance ta, ka share fankar da burushi mai laushi, ka riƙe ta da yatsa lokacin da kake hura iska don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Idan ba ka iya ba, kai wa mai gyara ka ce ya share ya kuma sauya man da ake shafawa tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi. Aikin ba shi da tsada, kuma shi ne ya fi kowane gyara tasiri a lokacin bazara.

Na uku faifan ajiya. Idan Windows tana tashi, ƙaramar manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka lafiyarsa: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa ka kwashe kayanka tun yau. Idan kana da ɗan abin kashewa, sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, mai gigabait 128, irin mai faɗin inci 2.5, ka sa a madadin tsohon. Tashin na'urar zai koma daƙiƙoƙi maimakon mintuna. Tsohon faifan kuma, idan lafiyarsa ƙalau, ba a yar da shi: ana cire wurin saka faifan DVD a sa wani ɗan gida da ake kira kadi, a zaunar da shi a ciki ya zama rumbun fina-finai. Kadi kala biyu ne, mai kaurin milimita 9.5 da mai 12.7, don haka ka tafi da laftof ɗin kasuwa a gwada.

Kafin komai, kwafe duk abin da kake so daga cikinta zuwa wani wuri. Matakan gaba za su iya goge komai.

Ramin da za ka jona talabijin

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka ka nutsu. Duba gefen laftof ɗin da kyau.

Idan akwai ramin HDMI, ka huta. Waya ɗaya ce za ta ɗauki hoto da sauti gaba ɗaya. Ba sai ka sayi mai tsada ba, mai tsawon mita 1.5 ko 2 ta wadatar.

Da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika kasuwanninmu ba su da HDMI. HP EliteBook 8460p da ThinkPad T420, alal misali, DisplayPort gare su, wanda yake kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. ThinkPad T430 kuwa ƙaraminsa gare ta, Mini DisplayPort. Wannan ba matsala ba ce, akwai 'yar wayar da ke juya shi zuwa HDMI, kuma tana ɗaukar sauti.

Idan VGA kaɗai gare ta, wato ramin nan mai ƙananan huda 15 wanda galibi shuɗi ne, ka sani hoto kawai yake ɗauka, babu sauti. Za ka buƙaci na'urar juya VGA zuwa HDMI, mai 'yar wayar sauti da ake sakawa a ramin iyafis da kuma wayar USB ta ba ta wuta. Ka karanta kwalin da idonka: wadda ke juya HDMI zuwa VGA ta fi yawa a kasuwa, kamanninsu ɗaya, amma ba ta aiki ta baya. Na taɓa sayen irinta, na kwana ina zargin talabijin. Idan kuma talabijin ɗin kansa yana da ramin VGA a baya, jona kai tsaye ka kai sautin zuwa sifika.

Wane irin bidiyo za ta iya ɗauka?

Duba cikakken sunan injin a cikin bayanan kwamfuta. Idan ka ga i5-2520M, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 2. Idan i5-6200U ne, zubi na 6.

Daga zubi na 2, wanda ya fito a 2011, injinan Intel suna kunna bidiyon H.264 mai ingancin 1080p ba tare da wahala ba, kuma yawancin fayilolin MP4 da ke yawo irinsa ne. Bidiyon H.265, wanda za ka ga an rubuta x265 ko HEVC a sunansa, sai daga zubi na 6 injin ke iya sarrafa shi da kansa, mai 10bit kuwa sai zubi na 7. Tsohuwar laftof za ta yi ƙoƙarin kunna shi, amma da gumi: fanka za ta tashi, hoto ya riƙa tsalle. Idan taka ta girmi 2015, ka riƙa zaɓar x264. Batun 4K kuma ka ajiye shi gefe, domin tsohon HDMI 1.4 ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa a wannan girman, kuma a talabijin mai inci 32 ko 43 ba za ka ga wani bambanci daga kujera ba. RAM gigabait 4 ya isa komai.

Zaɓen abin da zai tuƙa ta

Manhajar da za ta zama fuskar komai ita ce Kodi. Kyauta ce, ta samo asali ne daga XBMC da aka ƙirƙira don na'urar wasa ta Xbox, aka sauya mata suna a 2014. An gina ta ne don a gan ta daga nesa a sarrafa ta da rimot: manyan rubutu, manyan hotuna, sama, ƙasa, dama, hagu. Abin tambaya shi ne a kan me za ta zauna.

Hanya ta farko, ka bar Windows ɗin da ke ciki ka girka Kodi a kai. Ita ce mafi sauƙi, amma ina da damuwa da ita. Windows 10 ba ta ƙara samun kariya ta yau da kullum, kuma fulash ɗin da ya zaga shagunan tura fina-finai ya dawo, kowa ya san irin cutar da yake kwasowa, wadda ke ɓoye folda ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Idan duk da haka ita ka zaɓa, yi abu huɗu. Danna maɓallin Windows da P ka zaɓi "Second screen only". Shiga "Power Options", ka nemi "Choose what closing the lid does", ka mayar da shi "Do nothing". Hana ta yin barci idan tana jone da caja. Sannan danna Windows da R, rubuta shell:startup, ka jefa gajeriyar hanyar Kodi a foldar da ta buɗe, don ta riƙa tashi da kanta.

Hanya ta biyu, Linux Mint, wani tsarin tuƙa kwamfuta ne madadin Windows, nau'in Xfce mai sauƙin nauyi. Wannan ta dace da gidan da ke son YouTube da sauran shafukan kallo, domin akwai burauza a ciki. Lokacin girkawa ka zaɓi ta riƙa shiga ba tare da tambayar kalmar sirri ba, ka sauke Kodi daga "Software Manager", ka sa ta cikin "Session and Startup", ka kuma gyara saitin wuta don kada rufe murfi ya sa ta barci.

Hanya ta uku ita ce zaɓina: LibreELEC. Wani ɗan ƙaramin Linux ne da aka fara a 2016, ba ya yin komai sai kunna Kodi. Ka danna maɓallin wuta, bayan ɗan lokaci kaɗan Kodi ta bayyana, shi ke nan. Babu wata taga da za ta faɗo tana neman sabuntawa, cutar fulash ta Windows kuma ba ta da abin kamawa. Rashinta shi ne babu burauza, kuma ƙarin manhajar YouTube ta Kodi sai ka ƙirƙiri makullan Google na kanka kafin ta yi aiki yadda ya kamata, aikin da ba kowa ke da haƙurinsa ba.

Girka LibreELEC

Kana buƙatar wata kwamfutar mai intanet da fulash da ba komai a ciki, gigabait 2 ma ya isa. Je shafin libreelec.tv ka sauke "USB-SD Creator", ka buɗe, ka zaɓi nau'in "Generic" na kwamfutoci masu 64-bit, ka nuna masa fulash ɗin ya rubuta. Zai goge duk abin da ke kan fulash ɗin.

Soke fulash a tsohuwar laftof, jona wayar talabijin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin Asus. Idan ta ƙi tashi daga fulash, shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa a farkon tashi, ka kashe "Secure Boot".

Kada ka yi gaggawar girkawa. A farkon tashi, idan ka rubuta live ka danna Enter, za ta buɗe daga fulash ba tare da ta taɓa faifanka ba. Gwada hoto, sauti da Wi-Fi a nan. Idan komai ya yi, sake kunnawa ka bar ta ta shiga "Install", ka zaɓi faifan. Idan faifai biyu ne a ciki, ka duba girman kowanne sau biyu, domin wanda ka zaɓa za a share shi tas, LibreELEC ba ta zama tare da Windows a faifai ɗaya.

Matsalar da ta fi damun masu laftof ita ce hoto ya fito a allon laftof ya ƙi zuwa talabijin. Fara duba "Settings", "System", "Display". Idan hakan bai warware ba, ana kashe allon ciki gaba ɗaya ta hanyar ƙara video=LVDS-1:d ga tsofaffi, ko video=eDP-1:d ga na baya-baya, a ƙarshen layin APPEND cikin fayil ɗin syslinux.cfg. Idan wannan ya yi maka nisa, ba laifi, koma Linux Mint, can da linzami ake zaɓen allo.

Tsara fayiloli, aikin da ya fi cin lokaci

Wannan shi ne ke raba sinimar gida da tarin shara. Idan ka zuba fayil 400 a folda ɗaya masu sunaye irin VID-2021-WA0034, babu wanda zai iya gano komai, kuma kowa zai koma wayarsa.

Buɗe manyan foldoji da sunayen da mutanen gidan ke fahimta: Fina-finai, Masu Dogon Zango, Yara, Alƙur'ani, Tafsiri, Bukukuwa, Hotuna. Kowane fim ka ba shi cikakken sunansa, ka biyo da shekarar fitowarsa a cikin baka. Masu dogon zango kuma kowanne da foldarsa, kowane kashi ka rubuta sunan shirin sannan S01E01, ma'ana zango na 1 kashi na 1, S01E02, haka har ƙarshe. Sifirin nan na gaba yana da muhimmanci, idan babu shi, a wasu na'urori kashi na 10 zai riga na 2 a jeri.

A cikin Kodi, shiga "Videos", "Files", "Add videos", ka nuna foldar, ka faɗa mata abin da ke ciki. Idan akwai intanet na ɗan lokaci, za ta ɗauko hoton fim da taƙaitaccen labarinsa daga rumbun TMDB ta ajiye, ba sai ta sake nema ba. Wannan yana aiki sosai ga fina-finan Indiya, Amurka da Turkiyya. Ga na Kannywood kuwa, da yawa ba sa cikin rumbun, kuma Kodi takan liƙa musu hoton wani fim na daban mai kama da suna. Don haka ka ware musu foldarsu, ka zaɓi "Local information only", ko ka bar ta ba tare da ka faɗi nau'in abin da ke ciki ba, a riƙa shiga ta sunan fayil. Haka za ka yi wa foldar Bukukuwa.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri na sauti suna shiga ɓangaren "Music". Sa lambar sura a gaba da lambobi uku, 001 har 114, kowane makaranci da foldarsa. Tafsiri kuma shekara, sannan rana: 01 har 29 ko 30. Duk abin da ake yawan kunnawa, ka danna shi ka riƙe ka sa shi a "Favourites". Sannan shiga saitin fuskar Kodi ka ɓoye duk abin da gidan ba ya amfani da shi, irin su wasanni, rediyo da hasashen yanayi. Ni biyar kawai na bari a shafin farko.

Faifan waje idan za ka yi amfani da shi, ka tsara shi da exFAT ko NTFS. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma bidiyon biki yakan wuce.

Zan faɗi abu ɗaya da nake ji har zuciya. Za ka ga masu tallata Kodi da aka cika da ƙarin manhajoji masu ba da kowane fim da kowace ƙwallo kyauta. Ka nisance su. Ba daga masu Kodi suke ba, yau suna aiki gobe sun mutu, wasu kuma an sha kama su da ɓoyayyiyar cuta. Fina-finanmu na gida kuwa, mutane ne suka zuba jari da guminsu, kuma da yawansu suna saka aikinsu a tasoshinsu na YouTube ko manhajojin da ake biya. Bin wannan hanyar shi ne abin da zai sa a ci gaba da yin wasu.

Rimot

Rimot ɗin talabijin ba zai sarrafa laftof ba, domin kusan duk laftof ba su da fasahar CEC da ke ba da damar hakan. Mafita mafi sauƙi ita ce rimot mai ɗan fulash na USB, irin wanda ake sayarwa don akwatunan Android, wasu ma da ƙaramin kibod a bayansu. Soke shi kawai, kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin kibod. Wannan ne na dattawa da yara.

Waya ma tana zama rimot. Sauke Kore, manhajar da masu Kodi suka yi wa Android, sannan a Kodi ka shiga "Settings", "Services", "Control", ka kunna "Allow remote control via HTTP", ka sa kalmar sirri. Dole wayar da laftof su kasance kan Wi-Fi ɗaya, amma ba dole a samu data a kai ba: tsohuwar MiFi ko rawuta da ba ta da ko sisi za ta haɗa su. Ta wannan hanyar ce kuma za ka riƙa tura fayil daga wata kwamfutar idan ka kunna "Samba" a saitin LibreELEC.

Gyaran hoto da sauti

Idan gefen hoton ya yanke, daga talabijin ne: nemi "Just Scan" a LG, "Screen Fit" a Samsung. Idan hoto ya zo babu sauti, shiga "System", "Audio", ka zaɓi HDMI a matsayin wurin fitar sauti, ka bar adadin sifiku a 2.0. Idan ka bar shi a 5.1 alhali sifiku biyu gare ka, za ka ji kiɗa da ƙarar mota amma maganar 'yan wasa ta nutse. A "Player" kuma kunna "Adjust display refresh rate" don motsin hoto ya yi santsi. Wasu saitunan ba sa bayyana sai ka mayar da matakin da ke ƙasan hagu zuwa "Advanced" ko "Expert".

Wurin zama, wuta da yara

Kada ka ɗora ta kan kafet ko ka kulle ta cikin durowar talabijin. Ɗaga bayanta da marufan kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasa. Wasu laftof suna shan iska ta kibod, irin waɗannan a bar murfin a ɗan buɗe. Jona cajar a soket mai kariya daga hauhawar wuta, musamman idan ana sauyawa tsakanin NEPA da janareta. Cin wutarta kaɗan ne, cajar kanta galibi wat 65 ce kuma kallon bidiyo ba ya cinye rabin haka, don haka ƙaramin inbata na sola zai ɗauke ta tare da talabijin. Idan laftof ɗin tana da saitin tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin 100, kunna shi, batirin da ke cike kullum cikin zafi shi ne ke saurin kumbura.

Ga mai kallo ta intanet, Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta HD tana iya cin gigabait 3, ta matsakaicin inganci kuma kusan 1. Saukar da inganci zuwa 480p ko 720p yana tsawaita data sosai.

Yara kuma, Kodi tana da "Profiles". Buɗe musu nasu wanda foldar Yara da Alƙur'ani kawai yake gani, ka sa wa na manya lambar sirri ta "Master lock".

Bidiyon bukukuwa da hotunan iyali su ne abin da ba a sake saukewa idan faifai ya mutu, kuma faifan da ya shekara goma yana iya mutuwa kowace rana. Ka ajiye kwafinsu a faifan waje, ka cire shi daga laftof ɗin ka adana a ɗaki, duk bayan biki ko suna ka ɗauko ka ƙara sababbin. Bayan haka kashe komai, miƙa rimot ga wanda ya fi kowa nisa da kwamfuta a gidan, ka ce ya kunna maka tafsirin rana ta 5. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, rubuta wurin, shi ne za ka gyara a daren.